Filasta a Yatsan Hagu

Sabulun wanki aka tarar a cikin kwalin turare. Wani Alhaji ne mai shirin tashi zuwa Abuja ya tsaya a kantin Hajja da ke cikin filin jirgi, ya ce a ba shi turaren Dubai mafi tsada, tsaraba zai kai. Aka sauko masa da sabon katan, ya ɓare ƙaramin kwali a gaban kowa, sai ga gutsuren sabulu a naɗe cikin jarida. Aka ɓare na biyu, sabulu. Har aka kai ƙasan katan ɗin babu kwalba ko ɗaya. Wani ya yanke shi ta gindi da reza, ya kwashe turaren, ya cika shi da sabulu don nauyi, ya mayar ya liƙe da salatif tsaf.

Kafin jirgin Alhajin ya sauka, labari ya zagaye Kasuwar Sabon Gari ya tsallaka Fagge. Mutum uku ne suka taɓa katan ɗin ranar Talatar makon jiya da ya iso, kafin Hajja ta kulle shi a kabad da yamma ta tafi da makullinta: Celestine direban da ya kawo shi, Akeem manajan kantin, da Chinyere mai sayarwa. Matan Sabon Gari suka ce su dama takalman manajan nan sun daɗe suna ba su mamaki. 'Yan Fagge suka ce Akeem ɗan gidan mutunci ne, a dai duba can. Kowa ya zaɓi ɓarawonsa daga unguwar da ba tasa ba, ya samu natsuwa.

Hajja ma ta zaɓi nata. Ta sallami Chinyere daga aiki, ta ce in turare bai fito ba zuwa Litinin, 'yan sanda za su karɓi maganar.

Ranar Alhamis da safe Philomena, uwar Chinyere, ta zo Fagge da hannunta na dama rataye a wuya, ta sami Alhaji Yekini a kan bencinsa. A Fagge aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Ogbomosho da fatauci. Shekara talatin ke nan in dilar atamfa ta ɓace tsakanin Legas da Kano, shi 'yan kasuwa ke kira, ya bi sawunta har ya fito da ita. Ba ya ɗaga murya, ba ya rantsuwa. In ya ce ya gani, an gama magana.

"Alhaji, 'yata ba ta kantin a lokacin nan," in ji Philomena. "Sha biyun rana aka kira ta na faɗo daga adaidaita. Ta roƙi manaja ya sallame ta, ita ta kai ni wurin mai ɗori a Kwaciri."

"Shi manajan me ya ce, Maman Chinyere?"

"Ya ce bai sallame ta ba. Wai ita kaɗai ya bari a kanti ya tafi sallar azahar. Da bakinsa ne kawai, da Hajja ba ta yarda ba, don tana son yarinyar. Amma akwai wata takarda."

"Wace takarda?"

"Wai akwai mutanen da wani kamfani a Legas ke turowa, su zo kamar masu saye, su koma su rubuta yadda aka karɓe su. Kwastoman ɓoye ake ce musu. Ɗayansu ya rubuta ya ga Chinyere a kanti ƙarfe biyu da kwata, ita kaɗai. Alhaji, wane irin mutum ne zai ce ya ga abin da bai gani ba? Me muka tare masa?"

Alhaji Yekini ya zura hannunsa na hagu cikin aljihu. Ya ce zai duba.

Ya san irin mutumin, don kullum da safe yana gyara masa hula a madubi. Sau biyu a wata manyan 'yan kasuwa ke biya masa jirgi zuwa Legas da takardun kaya, kuma shekara biyu ke nan da wani abokin tafiya ya haɗa shi da kamfanin nan. Aikin ba wuya. Kafin a kira jirgi sai ya shiga kantin da aka ba shi, ya yi tambaya, ya lura da fara'a da tsabta, ya cika fom a waya. Ba a sa suna, lamba ake sawa. Yana jin daɗin aikin, ya dace da idonsa.

Ranar Talatar nan cunkoso ya riƙe shi a hanya. Ya iso ana kiran jirginsa kira na ƙarshe, ya wuce kantin Hajja da gudu, ya ɗauki hoton allon sunan kantin a tsaye, ko leƙawa bai yi ba. Da ya zauna a kujerarsa sai ya ga asarar aikin ba ta da daɗi. Ya tuna a watan jiya wata yarinya mai suna Chinyere ce ta karɓe shi da ladabi, sai ya rubuta sunanta, ya ba ta yabo a kowane layi. Masu aikin nan sun san rahoto ba ya kama da gaskiya sai an ɗan sa masa wani ƙaramin abu da ido ya gani. Ya dubi yatsansa manuni na hagu, wanda ƙarfen ɗaurin dila ya yanka masa da safe, ya rubuta cewa yarinyar tana da filasta a yatsan hagu amma hakan bai hana ta aiki ba. Har da ɗan murmushinsa a lokacin, yana ganin ya yi wa 'yar mutane alheri.

Yanzu kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke ta. Kalmar kuma za ta wanke shi daga bencin nan, don wa zai sake aiken mutumin da ke rubuta abin da bai gani ba? Sai ya ce wa kansa ai hanya ba ɗaya ba ce. In ya kamo ɓarawon, takarda ta zama banza ba tare da kowa ya san mai ita ba. Kunya ta cika shi, amma ya tashi ya fara aiki.

Ya sami Chinyere a ɗakinsu da ke saman bene a Sabon Gari, taga a rufe da rana tsaka. Ba ta gane shi ba, kwastoma nawa take gani a wata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa.

"Tun jiya ban sauka ƙasa ba, Baba," ta ce. "Ko ruwa na je ɗiba sai a yi shiru. Shugaban mawaƙan cocinmu ya aiko wai in ɗan huta tukuna."

"Wa ya ga fitarki daga kanti?"

"Oga Akeem kawai. Ya ce in tafi, Allah ya ba Mama lafiya." Ta miƙo hannayenta biyu a buɗe. "Duba, Baba. Wai ina da filasta a yatsa, wai rezar da na yanka katan da ita ce ta yanke ni. Ina tabon yake? Hajja ta ce yankan reza ba ya kwana bakwai. Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan yabona ya yi. Wai na yi masa murmushi, wai na san kayana. Da zagina ya yi da na ce maƙiyi ne."

Alhaji Yekini ya ɗan kurɓi ruwan. Ya ajiye kofin, ya ce ta yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Yana sauka daga benen yana jin ƙyamar bakin da ya faɗi haka.

Ranar Juma'a da safe ya tafi Kwaciri. Mai ɗorin tsoho ne, yana zaune a zaure yana fere kara.

"Hannun na tuna shi," in ji tsohon. "Karaya kusa da wuyan hannu, matar tana ta kiran Yesu, ni ina bisimilla, muka haɗu muka gyara."

"Wace rana ce, Malam? Ƙarfe nawa?"

"Alhaji, ni in ban da Juma'a duk ranakun nan kamarsu ɗaya."

"Wa ya rako ta?"

"Wata yarinya. Ko mata biyu ne? Ni ƙashi nake kallo, ba fuska ba."

Bayan an sauko daga masallaci ya nemi Celestine direba, ya same shi a bakin kasuwa yana wanke motar kaya. Yana buɗe ƙofar motar ƙamshin turare mai tsada ya buge shi. Zuciyarsa ta yi tsalle don murna, kuma abin kunya ne a faɗa, amma murna ce. Ga ɓarawo ya samu, ga sunansa ya tsira.

"Celestine, motar kaya ce wannan ko ɗakin amarya?"

Direban ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kowa sai ya faɗa, Alhaji. Tun kafin Kirsimeti kwalba ta fashe a ƙarƙashin kujera, Hajja ta kusa cinye ni ɗanye. Matata ma sai da ta yi mini kwana biyu ba magana." Sai ya daina dariya. "Na san abin da ya kawo ka. Ranar Talatar nan Hajja da kanta ta zauna a nan gaba, katan ɗin a kan cinyarta, tun daga sito har filin jirgi. Tambaye ta."

Ya kira Hajja a waya, ta ce haka aka yi. Alhaji Yekini ya koma Fagge a ƙasa, bai ko tsayar da adaidaita ba. Ya so a ce wani bawan Allah ne ɓarawo don kawai shi ya huta, kuma ya san ya so hakan.

Saura Akeem, wanda ya bari a ƙarshe da gangan. Uban Akeem abokinsa ne tun makarantar allo, sahu ɗaya suke sallah. Ranar Asabar bayan azahar ya tsayar da Akeem a ƙofar masallaci. Akeem ya kwanta ƙasa ya gaishe shi irin gaisuwar gida, ya miƙe yana kaɗe gaban rigarsa.

"Baba, wallahi abin ya dame ni. Ni na koya wa yarinyar nan aiki."

"Ka tabbata ba ka sallame ta ba?"

"Ina! Ranar da sabon kaya ya zo? Na bar ta wajen ƙarfe biyu na tafi sallah, na dawo kusan uku."

"Takardar kwastoman ɓoye fa, wa ya karanta wa Hajja?"

"Ni ne, Baba, da Turanci take zuwa. Ina zuwa wurin filastar nan sai gabana ya faɗi, don ni ma na gan ta."

Alhaji Yekini ya ɗago kai a hankali. "Ka ga me?"

"Filastar. Da zan fita na ga tana ɓoye hannu a bayan kanta. Na ce me ya same ki, ta ce wuƙar kicin ce. Ashe tun da safe ta fara taɓa katan ɗin."

"Da idonka ka gani?"

"Da idona, Baba."

Ya sallame shi, ya tsaya a wurin har masallaci ya watse. Filastar da ba ta taɓa zama a yatsan Chinyere ba, wadda shi ya ƙirƙira a kujerar jirgi, ga wani ya gan ta da idonsa har ya yi mata tambaya. Mai gaskiya zai ce bai lura ba. Wanda ya rage shi kaɗai da katan bayan ya sallami yarinya, shi ne zai tsinci ƙaryar wani ya rungume ta. Alhaji Yekini ya samu ɓarawonsa. Sai dai hujjar ba ta da amfani ko kaɗan in ba a san filastar ƙarya ce ba, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya tabbatar da hakan.

A gida matarsa Mulikat ta ajiye masa amala ya kasa ci.

"Alhaji, tun shekaranjiya kake ɓoye hannun nan kamar wanda ya tsamo nama a tukunya. Lafiya?"

Ya gaya mata duka, kansa a ƙasa. Ta dube shi ido cikin ido.

"To me kake jira?"

"Sunana, Mulikat. Shekara talatin."

"Ita 'yar mutane ba ta da suna?" Ta ɗauke kwanon ta rufe. "In ka dawo daga gidan Hajja ka ci."

Ranar Lahadi bayan la'asar suka taru a falon Hajja a Fagge. Hajja tana kan doguwar kujera da carbi, fuska ba walwala. Philomena da 'yarta suna gefe guda a kan darduma, Celestine a bakin ƙofa da hula a hannu, Akeem kusa da Hajja da takardar rahoton a cinyarsa.

"Malam Yekini, gobe Litinin," in ji Hajja. "In akwai magana a yi ta."

"Akwai, Hajja. Akeem, maimaita wa mutane abin da ka gaya mini jiya."

Akeem ya maimaita, har ya ƙara gishiri. Wannan karon filastar ruwan ƙasa ce, kuma jini ya ɗan ɓullo ta gefe.

"Wane yatsa?"

"Manuni, na hagu."

"Ba a takarda ka gani ba? Ka yi tunani da kyau, ɗana. In a takarda ka gani, ka ce a takarda."

Ya ba shi ƙofa ta ƙarshe saboda ubansa. Akeem bai bi ta ba.

"Wallahi da idona na gani, Baba."

Alhaji Yekini ya fito da hannunsa na hagu daga aljihu, ya ɗaga yatsa manuni. Tabon yankan yana nan, baƙi, bai gama warkewa ba.

"Ga yatsan da aka sa wa filasta ranar Talata. Hajja, ni ne kwastoman ɓoyen. Ni na rubuta takardar nan, kuma ƙarya na rubuta. Ban shiga kantinki ba, ban ga Chinyere ba, ban ga kowa ba. Na makara ne, na cika fom a cikin jirgi, na ɗauki ciwon hannuna na ɗora mata."

Ya miƙa wa Hajja wayarsa. Ga lambar da ke kan takardar, ga rahoton kalma da kalma, ga tikitin jirgin da ya nuna an rufe ƙofa da ƙarfe biyu da minti ashirin. Celestine ya karanta mata a hankali, yana yi yana satar kallon tsohon.

Carbin Hajja ya tsaya. Ta juya ga Akeem. "To kai filastar wa ka gani?"

Akeem ya buɗe baki, ya dubi takardar da ke cinyarsa kamar za ta ba shi amsa. Ya ce wataƙila wata rana ce ya gani. Hajja ta ce wace rana, tunda babu filastar? Ya ce kansa ya ruɗe. Ta ce ya sallami yarinyar ko bai sallame ta ba? Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Daga ƙarshe ya zame daga kujera ya kama ƙafarta, ya ce turaren yana ɗakin wani abokinsa a Kwaciri, bai sayar da ko rabi ba, don Allah kada a gaya wa babansa.

Hajja ta janye ƙafarta, ta ce Celestine ya tafi da shi su kwaso kayan yanzu. Ta kira Chinyere ta zaunar da ita kusa da ita, ta riƙe mata hannu, ta nemi gafararta, ta ce gobe ta koma aiki, kuma ita da kanta za ta je cocinsu ta faɗa a gaban mutane. Sannan ta dubi Alhaji Yekini.

"Malam Yekini, da wani ne ya gaya mini, da na ce sharri ake maka. Zan kira kamfanin nan gobe. Kuma ka san ba zan iya rufe bakin kasuwa ba."

"Na sani, Hajja."

Ya fito ya tsaya a ƙofar gida yana neman takalminsa. Ya ji wani sauƙi-sauƙi a ƙirji, har ya fara gaya wa kansa cewa ko ba komai ya yi abin da ya kamata. Philomena ta fito ta wuce shi ko kallonsa ba ta yi ba. Chinyere ce ta tsaya. Ba ta durƙusa ba wannan karon.

"Baba, ranar da Mama ta zo wurinka, ka san kai ne?"

"Na sani."

"Ranar da na nuna maka hannuna, na kawo maka ruwa?"

"Na sani, 'yata. Ki yafe mini."

Ta gyaɗa kai, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Muryarta ba faɗa a ciki, tambaya ce kawai take son a amsa mata.

"Da Oga Akeem bai ce ya ga filastar ba, da ba ka samu kowa ba har gobe, da za ka faɗa?"

Alhaji Yekini ya buɗe baki zai ce ƙwarai kuwa. Sai ya tuna shi ne mutumin da ya gama rantsuwa a ransa ba zai sake faɗin abin da bai tabbatar ba. Ya duba cikin zuciyarsa da irin idon da yake bin sawun kayan mutane, bai samu amsar a wurin ba.

Chinyere ta jira shi har ta gaji. Sannan ta bi bayan uwarta, ta tallafe mata hannun da ya karye, suka tsayar da adaidaita suka tafi Sabon Gari.